Sarkin da Aka Hana Harbewa a Kan Dandamali

Jama'a, barkanmu da yamma. Ku fara riƙe wannan: opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, a fada ta tashi. A 1607 makaɗin Italiya Monteverdi ya shirya wasansa na Orfeo a gidan sarautar Gonzaga da ke Mantuwa, kusan yadda makaɗin fada yake a wajenmu, ci da sutura duk daga ubangidansa. Gidan wasa na San Carlo a Napoli, wanda aka buɗe a 1737, jikin fadar sarki yake manne. To, wanda ya kafa rumfa ai shi ke faɗin abin da za a yi a ƙarƙashinta.

Shi ya sa labarin Verdi, mashahurin mai tsara opera ɗan Italiya, a 1858 yake ba ni sha'awa. Ya kai wa San Carlo wasa kan Gustab na Uku, sarkin Suwidin da aka harbe a 1792 a wajen rawar da kowa ke rufe fuska. Abu ne da ya faru, duk Turai ta sani. Amma ana cikin haka, ranar 14 ga Janairun 1858, wani ɗan Italiya mai suna Orsini ya jefa wa sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, bama-bamai a Faris. Kun san ina sarkin ya nufa a daren? Gidan opera! Sai hantar masu tace wasanni a Napoli ta kaɗa. Suka ce a cire sarki, a cire bindiga, a mayar da labarin zamanin da can can baya. Har matar da sarkin yake so, wadda matar amininsa ce, suka ce a mayar da ita 'yar'uwar aminin. Verdi ya ce ba da shi ba, har maganar ta kai kotu.

Ya kwashi wasansa zuwa Rum, ƙasar Fafaroma a lokacin. Can ma sai da aka yi ciniki: sarkin Suwidin ya koma gwamnan Boston a Amurka lokacin mulkin Ingila. A kashe gwamna a hayin teku, babu laifi. A ganina masu tacewar ba sakarkaru ba ne. Sun san a zauren nan attajirai da hafsoshi da ɗalibai suke haɗuwa, kuma tafi a wurin da bai dace ba kan zama zanga-zanga.

An nuna wasan a Fabrairun 1859. Zuwa 1861 masarautar Napoli ta rushe, Verdi kuwa yana zaune a majalisar dokokin Italiya ta farko. Malam na can baya, na ga hannunka, kawo tambayarka.