Waya ko agogon keke: da me za mu auna tafiyarmu?

(An kwafo wannan ne daga muryar laccar da aka yi wa masu hawan keke don motsa jiki a Maraɗi, bayan sallar la'asar. An taƙaita gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum. Iyayena da ke nan gaba, sannunku da zuwa, Allah ya ƙara girma. Ƙannena na baya, ku matso, akwai wuri a tabarma.

Tambayar da aka fi yi mini tun da muka fara fita safiyar Lahadi ita ce: Malam, in sayi agogon keke ne, ko wayata ta isa? Agogon keke dai 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a kan keke, tana nuna gudu da nisa. Wani har hoton na'ura yake turo mini ta WhatsApp, ya ce wani ɗan'uwansa zai taho masa da ita daga Kano. Ni kuwa nakan mayar masa da tambaya: me kake so ka sani game da tafiyarka? Sai ka ji shiru. Wanda bai san abin da zai auna ba, ko tiya goma ka ba shi, ba ta da amfani a hannunsa.

Bari mu fara da abin da ke aljihun kowa. Yawancinmu Tecno ne, ko Itel, ko Infinix, kuma in dai babbar waya ce mai shafawa, da wuya ka samu wadda ba ta da GPS. Akwai kuskuren da nake so mu kawar yau: mutane da yawa suna zaton GPS yana cin mega. Ba ya ci. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka suke kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 20,000, kowanne yana ta aiko da saƙon lokaci da inda yake. Waya saurare kawai take yi. In ta ji guda 4, ta san inda kake tsaye. Turai ma tana da nata mai suna Galileo, Rasha tana da GLONASS, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin yanzu da yawa suna haɗa su. Saboda haka ko ka shiga dajin da babu rezo ko kara ɗaya, wayarka tana iya rubuta hanyarka tsaf. Mega sai lokacin da za ka ɗora tafiyar a intanet, ko za ka sauke taswira. Mu kuma nan Allah ya ba mu sararin sama a buɗe, ba dogayen benaye, ba duhun daji, GPS yana kamawa da kyau.

Manhajar da aka fi sani ita ce Strava, wadda aka kafa a Amurka a 2009. Ta kyauta ta ishe ka ganin nisa, lokaci, gudu da hanyar da ka bi. Daɗinta shi ne jama'a: kana ganin abokinka ya fita, kunya ta hana ka kwanciya. Akwai kuma OpenTracks, kyauta ce, ba talla, ba ta neman ka yi rajista, komai a wayarka yake zama. In taswira kake buƙata, OsmAnd da Organic Maps suna ba ka damar sauke taswirar Nijar sau ɗaya, ka ci gaba da amfani da ita ba intanet. Waɗannan sun isa. Kada ka cika waya da manhaja biyar.

To ina matsalar waya? Rana. Ku kun san watan Afirilu a garin nan, zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi wayoyinsa ne don su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Yanzu ka ɗauki waya baƙa, ka ɗaure ta a kan keke tana kallon sama, ka ƙure hasken fuskarta don ka iya gani, GPS yana aiki, rana tana dukanta. Za ta yi zafi kamar kaskon waina, ta rage haske da kanta, wata ma ta mutu. Kuma irin batirin da ke cikinta ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Wata shida kana haka, sai ka ga cajin da ke kai ka dare yanzu da azahar ya ƙare. Ga girgiza a hanyar jar ƙasa, ga ƙurar hunturu tana shiga ramin caji. Ga faɗuwa, domin duk wanda ya hau keke a garin nan ya san yadda rairayi ke kwashe ƙafar gaba ba sallama.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Wayar nan ita ce shagonka, Alhaji. Lambobin abokan ciniki suna ciki, kuɗinka suna ciki. Kuma ita ce za ka kira gida da ita in sarƙa ta tsinke maka a bayan Tibiri. Na taɓa tarar da wani yaro a hanyar Madarunfa yana tura keke, taya ta fashe, waya ta mutu saboda tun safe fuskarta a kunne take yana kallon gudunsa. Ruwansa ma ya ƙare. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Shi ya sa shawarata ga mai waya ɗaya ce: kunna manhaja, kashe fuska, sa ta a leda saboda gumi, jefa a aljihu, ka manta da ita sai ka dawo. A haka ba ta shan caji sosai. Sai dai ka shiga saitin batir ka ba manhajar izinin aiki a ɓoye, don wayoyin Android da yawa suna kashe duk abin da suka ga yana aiki bayan an rufe fuska. Alamar hakan ita ce ka dawo ka ga an ja maka layi miƙe ɗoɗar daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa inda ka tsaya, kamar tsuntsu ne ya yi tafiyar.

Agogon keke kuma iri biyu ne, kuma na farkon ne nake ganin an raina shi ba bisa haƙƙi ba. Shi ne mai maganaɗisu, irin na Cateye ko Sigma da ire-irensu na Sin masu araha. Ana maƙala ɗan maganaɗisu a jikin siraran ƙarafan ƙafar gaba, duk zagaye ɗaya na'urar ta ƙirga. Ba tauraro, ba caji, ba ruwanta da an ɗauke wuta ko an kawo. Ɗan batir ne kamar kwabo, yawanci CR2032, yakan yi watanni da yawa, wani ya kai shekara. A tsakar rana ma rubutunsa ya fi fitowa. Amma fa lissafi yake yi, kuma abin da ka gaya masa da shi yake aiki. Tayar keken tsere mai lamba 700x25 kewayenta kusan milimita 2105 ne, wato tana juyawa kamar sau 475 a kilomita guda. In naka keken mai ƙaramar ƙafa ne, kewayensa a ce 2050, kuma ka bar na'urar a kan 2105, to duk kilomita 40 da ka yi za ta ce maka 41. Gyaran ba wuya. Sa alama a ƙasa daidai bakin da ake hura wa taya iska, hau keken, a tura ka har bakin iskar ya sake saukowa ƙasa, ka auna tsakanin da mita irin ta tela. Lambar da ka samu ita za ka shigar.

Na biyu shi ne mai GPS: Garmin Edge, Wahoo, Bryton, sai masu sauƙin kuɗi kamar iGPSport da Magene. An yi su don rana da ruwa da girgiza, caji ɗaya yana yin wuni guda yana aiki, wasu fiye, kuma in ka dawo yana tura tafiyar zuwa waya ta Bluetooth. Kayan kirki ne, ba na musu. Amma manyansu sun fi kuɗin keken da yawancinmu ke hawa, kuma in ya lalace da wuya ka sami mai gyara a kusa. Mai keke ba birki mai kyau, ba hular kwano, ba fitila, ya sayi wannan, ya sayi rawani ne ba riga.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi gida da shi. Lambar da kowa ke kallo ita ce gudu, kuma a ƙasarmu ita ce ta fi yaudara. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take bugowa. Ka kama hanyar Damagaram wajen Cadawa, kana tuƙi da dukan ƙarfinka, agogo yana nuna maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka juyo gida, iska ta turo ka kamar an ɗaura maka inji. A wanne ka fi wahala? A tafiya. Wanne agogo ya yaba? Dawowa. In ka biye wa wannan lambar, ranar da jikinka ya fi yin aiki ita ce ranar da za ka koma gida ranka a ɓace.

Ga mai neman lafiya, lokaci ne ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Matsakaici shi ne kana iya magana da na kusa da kai, amma ba ka iya jan waƙa. Wannan ko agogon hannu ya isa ya auna shi. Wanda kuma yake son tsere da gaske, wanda ya ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi tara maki, a gasar tseren keke ta Faransa ta 2024 ya ce shi ma sai ya gwada, abin da zai fara saye shi ne ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya. Tana haɗuwa da waya kai tsaye, ba sai da agogo mai tsada ba. Zuciya ba ruwanta da iska, abin da jiki ke sha shi take faɗa. Kuma a zafi za ka ga bugun yana hawa alhali gudunka bai ƙaru ba. Jiki ne ke cewa a sha ruwa, a nemi inuwa. Ana yawan cewa a cire shekarunka daga 220 a sami iyakar bugunka, wato ɗan shekara 40 ya samu 180. Kintace ne kawai, mutane sun bambanta. Iyayena masu hawan jini ko ciwon suga, don Allah a ga likita kafin a fara matsa wa jiki.

Sai maganar sirri, kuma ina roƙon ku saurara da kyau. A ƙarshen 2017 Strava ta wallafa taswirar duniya mai nuna inda masu amfani da ita suke bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa ana ganin sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. In haka ta sami soja, ina ga ni da kai? Kana fita daga ƙofar gidanka ƙarfe 6 kowace Lahadi, hanya ɗaya, kana wallafawa kowa yana gani. Mun san halin da ake ciki a wasu ƙauyukan bakin iyaka, ba sai na faɗa ba. Ka rufe shafinka sai waɗanda ka sani ido da ido. Ka kunna wurin da ke ɓoye mafarin tafiya da ƙarshenta, ko ka bari sai ka yi nisa da gida kafin ka danna. 'Yan'uwa mata da ke hawa, wannan ya fi shafar ku.

(Wani dattijo ya tambaya ko agogon hannu mai auna zuciya zai wadatar.)

Baba, zai taimaka, musamman don ƙirga lokaci. Sai dai shi da haske yake karanta jini a wuyan hannu, kuma girgizar keke da gumi suna rikita shi, ɗamarar ƙirji ta fi shi gaskiya. In kuna da shi ku ɗaure shi sosai, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu.

(Wani matashi ya tambaya ko zai rasa tsofaffin tafiye-tafiyensa in ya canja manhaja.)

A'a ƙanena. Nemi inda aka rubuta GPX, ka fitar da tafiyar a wannan sigar, kusan kowace manhaja tana karɓarta. Ka zo da wayar ranar Lahadi in nuna maka. Masu agogon maganaɗisu ku ma ku zo da wuri, zan taho da mita da alli mu auna tayoyi kafin mu kama hanya. Ga kiran magariba can, mu tashi. Wassalamu alaikum.