Kafin a Ce Wane Ya Yi Laifi

Jama'a masu sauraro, a ƙarshen watan Maris na shekarar 2025, ana cikin azumin Ramadan, wasu mafarauta sun taso daga Fatakwal za su koma gida Jihar Kano yin ƙaramar Sallah, sai 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki a garin Uromi na Jihar Edo. Da aka ga bindigogin farauta ƙirar gida a cikin kayansu, nan take magana ta bazu cewa an kama masu garkuwa da mutane, kuma kafin jami'an tsaro su yi wani kataɓus, taron jama'a ya hallaka mutum 16 daga cikinsu. Mutanen yankin sun daɗe suna kukan satar mutane a gonaki da hanyoyi, kuma kukan nasu ba ƙarya ba ne, amma gaskiyar kukan mutum ba ta zama hujja a kan duk wanda ya nuna da yatsa. Kada kuma mu ɗauka wannan hali na wasu ne can nesa, domin a kasuwanninmu da tashoshinmu ma ihun "ɓarawo" sau ɗaya ya isa a tara wa mutum duwatsu da taya da fetur.

Abin da ke sa mutane faɗawa wannan kuskure ba kullum ba ne mugunta, sau da yawa tausayi ne. A cikin Suratu Sad an ba da labarin masu husuma biyu da suka haura katanga suka shiga wurin ibadar Annabi Dawuda, Alaihis Salam, ɗayansu ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99, shi kuwa tunkiya ɗaya tal gare shi, amma ɗan'uwan ya matsa masa lallai sai ya ba shi ita, har ya rinjaye shi a magana. Duk mai zuciya da ya ji wannan ƙorafi zai karkata ga mai tunkiya ɗaya. Annabi Dawuda ya ce masa lallai an zalunce shi, daga nan ya fahimci jarrabawa ce, ya nemi gafarar Ubangijinsa ya faɗi yana mai ruku'u. Wasu malaman tafsiri sun bayyana cewa abin da aka ja hankalinsa a kai shi ne furta hukunci kafin ya ji ta bakin na biyun. A lura da kyau, ba a ce mai ƙarar ƙarya ya yi ba. Ko da gaskiya ya faɗa, shi ma wanda ake ƙara yana da haƙƙin a saurare shi.

Wannan ne kuma wasiyyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Aliyu lokacin da zai tura shi Yaman yin alƙalanci, cewa idan masu husuma biyu suka zauna a gabansa, kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. Malaman mazhabar Malikiyya sun mayar da wannan ƙa'ida aiki na zahiri da ake kira i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko wata hujja, kafin ya rufe shari'a. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a a jihohin Arewa sun sha rushe hukunci ɗungurungum saboda kawai alƙalin ƙaramar kotu ya tsallake wannan tambaya.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci, ya kuma ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Tun a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan wata tarzoma, inda ɗaya daga cikin dalilanta shi ne wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa.

Akwai masu cewa duk wannan magana ce ta fatar baki, domin idan aka miƙa ɓarawo ga hukuma, kwana biyu sai a gan shi yana yawo a unguwa, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Ƙorafi ne mai tushe, kuma 'yan sanda da kotuna ne ya kamata su amsa shi da aiki. Sai dai hukuncin kotu idan ya karkace akwai ɗaukaka ƙara, wanda taron jama'a ya kashe kuwa babu kotun da za ta dawo wa iyalinsa da shi.

Nauyi na musamman yana kan gidajen rediyo da masu yaɗa labari a Facebook da WhatsApp. Shirye-shiryen da ake ba mai koke makirfo ya zayyana abin da mijinta ko maigidansa ko mai unguwarsu ya yi masa suna da amfani, domin sun sha ƙwato wa marasa gata haƙƙinsu. Amma Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka wajibi ne mai gabatarwa ya nemi wanda ake zargi kafin a sa shirin a iska, ya ba shi lokaci daidai da na mai koken, idan kuma ya ƙi magana ko ba a same shi ba, a faɗa wa masu sauraro hakan ƙarara, a kuma bar masa ƙofa a buɗe a shiri na gaba.