Darasi: yadda ake ɗaure fayif ɗin waya a ƙarƙashin benen katako

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna cikin shago mai benen katako, irin wanda ake jibge kaya a sama, za mu ja layin soket daga wancan bangon zuwa nan. Fayif ɗin PVC ne mai milimita 20, mai kauri. Don Allah kada a bi arha a nan, mara kaurin nan kana lanƙwasa shi zai lotse. Yanka da goge baki kun sani, ba sai na tsaya ba.

To ku dubi inda zai kwanta. In tafiyarka ta bi tsawon katakon da ya ɗauki benen, a gefensa za ka kafa, kada ya manne da allon da ake takawa. Auno daga sama, ka sauko aƙalla milimita 50, inci biyu ke nan. Wata rana kafinta zai buga ƙusa mai inci uku daga sama, allo ya ci inci ɗaya, sauran biyun su leƙo ƙasa, shi kuwa bai san da waya a wurin ba.

Kilif kuma, wato maƙalin da ke riƙe fayif a jikin katako, ƙa'ida ta yarda har mita ɗaya da rabi tsakani, amma da zafinmu, ga rufin kwano, ni ba na wuce mita ɗaya, don roba in ta ji zafi sai ta yi ciki. Kowane bokis da kowace kwana, sa kilif kafin santimita 30. Kai yaro, miƙo sukuru. A'a, ba wannan ba, mai inci ɗaya. Ƙusa ba ta riƙo a nan, benen da ake takawa kullum girgiza yake, a hankali take zarewa. Kuma nakan cakuɗa da kilif na ƙarfe, don in gobara ta tashi na roba narkewa zai yi, waya ta zubo kan hanyar fita.

Nan ne fa a natsu. Wannan robar miƙewa take da zafi, ta tsuke da sanyi. Mita 6, tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, tana iya ƙara kusan santimita ɗaya. In ka matse kilif tam, ka shafe kowace mahaɗa da gam, ba ta da wurin zuwa, sai ta gantsare ko ta fincike bokis. Saboda haka ɗaure sukuru har ya kama, sannan ka gwada da hannu. Kun gani? Yana zamewa gaba da baya, amma ba ya kaɗawa. Haka ake so. A doguwar tafiya kuma ka sa doguwar mahaɗa guda, gam a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen ka bar masa sararin santimita ɗaya a ciki.

In za ka ƙetare katako, huda a tsakiyarsa, kada ramin ya wuce kwatan faɗinsa. Tu-bai-sikis, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6, zai ɗauki ramin milimita 25. Tu-bai-fo kuwa kada ka huda, inci biyun nan ba za su samu ba, ka bi ta ƙarƙashinsa da kilif. Sassaƙe cikin katako ta ƙasa kuma babu shi, nan ne yake tsagewa in an ɗora buhuna.

Lanƙwasa biyu ta isa tsakanin bokis da bokis, ta uku waya ba za ta jawu ba. Bari gam ya bushe tukuna, sai mu zura wayar da za mu jawo sauran wayoyin da ita.