Ambaliyar Yamai: wa ke riƙe da me idan kogi ya taso?

Salamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku ɗauka ga taswira a gabanku, zanen shuɗi shi ne kogin Isa, wato kogin Neja, ga Yamai a tsakiya, ga Harobanda a wancan ƙetaren. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi wajen Disamba zuwa Janairu, ruwan Gine ne da ya ratso Mali, yana tafe a hankali kowa na ganinshi. Wadda ke ba mu wahala ita ce ta damana, Agusta da Satumba, jan ruwan nan mai laka da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina su zuba a kogi sama da Yamai, shi kam ba ya sallama, cikin ƴan kwanaki sai ka ga kogi ya hau.

To akwai ma'auni a nan Yamai, kuma yana da matakai uku. Ruwa ya kai santimita 530 an shiga gargaɗi na rawaya, 580 na ruwan lemu, 620 ja kenan. A Satumban 2020 ruwa ya kai santimita 700, dig, wato shingen tare ruwa, ta ɓalle wajen Lamorde, mutanen komin (gunduma) ta 5 ba su manta ba, gidajen laka suka narke, gonakin shinkafa suka nutse. 2024 kuma duk ƙasa ta sha, mutum sama da 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, har shiga lakwal sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Labarin ruwa yana riga ruwan isowa, kuma kowace ma'aikata guntu ɗaya ne a hannunta. Meteyo ta ƙasa, masu hasashen yanayi, ita ke faɗin ruwan sama da za a yi. Ma'aikatar ruwa ita ke da ma'aunan kogi. ABN, hukumar ƙasashe 9 da suka haɗa kogin, hedkwatarta a nan Yamai take, ita ke bin abin da ke tahowa daga sama. Ga AGRHYMET ma, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma da aka kafa tun 1974, nan cikin garin take, tana hasashen damana tun kafin ta faɗi. Masana dai muna da su wallahi, ba ƙarancinsu ke damunmu ba. Amma in takardar gargaɗi ta tsaya a biro cikin Faransanci, tsohuwar da ke Saga ko Kirkisoy ba abin da ta ƙaru da shi, dole takardar ta fito ta bi ta hukumomin agaji da kula da bala'o'i, ta je wa gwamna da magajin gari, ta sauka hannun mai unguwa da liman da rediyo, a faɗe ta da Hausa da Zabarmanci, kuma su sapar pompiye, ƴan kwana-kwana, su san tun da rana wace unguwa za a kwashe, ina za a kai mutane, kwalekwale nawa ke akwai, ba sai tsakar dare ruwa na ƙofar ɗaki ana neman lambar wani ba.

Sannan ba kogi kaɗai ke cin gida ba. Ku dubi Gunti Yena, koramar da ta ratsa tsakiyar gari, ku dubi kanibo, wato magudanar ruwan unguwarku. Leda, yashi, shara, ruwa ya zo bai samu hanya ba sai ya shiga gidan mutane, wannan aikin meri ne, wato ofishin magajin gari, da masu hanyoyi, da mu kanmu, kuma yasa ana yin ta ne kafin ruwan farko.

Inda abin ya fi min ciwo shi ne maganar filaye. Mai auna ruwa ya san wurin nan kwari ne, hanyar ruwa ce tun kakanni, amma wani biro daban ya yanka parsel, wato filin gida, ya sa hannu, talaka ya tara guminshi ya gina, shekara ta zagayo a ce ya tashi. Don Allah wanda ke raba fili da wanda ke riƙe da taswirar ambaliya su zauna tebur guda kafin a buga kan sarki. In kuma za a tada mutane, a kai su inda akwai ruwan sha da lakwal da likita da hanyar zuwa kasuwa, in babu waɗannan komawa bakin kogi za su yi, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Haka su ma ma'aikatan gandun daji suna cikin lissafi, don ƙasar da aka sare itacenta ba ta shan ruwa, gudu yake a kanta ya kwashi yashi ya cika kogi.

Ku kuma naku, in an ce an shiga lemu, ku ɗaure takardunku cikin leda, ku san gidan da za ku kai yara da tsofaffi, ku tambayi mai unguwa inda aka tanada. Lambar sapar pompiye 18 ce, ku sa ta a waya yau.