Yadda Ake Auna Taurin Dutse Mai Rauni a Injin Matsi

Abin da kuke gani a kan wannan tebur guntun dutsen laka ne da aka ciro daga ƙarƙashin ƙasa, aka yanke shi mulmulalle, faɗinsa milimita 54, tsayinsa milimita 135. Ba da ka aka zaɓi waɗannan alƙaluma ba, domin ƙa'idar da ƙungiyar masana kimiyyar duwatsu ta duniya, ISRM, ta fitar a 1979 ta nemi tsayin samfur ya ninka faɗinsa sau biyu da rabi zuwa uku. A rabe-raben ƙungiyar, dutsen da ke fashewa tsakanin megafaskal 5 da 25 (megafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne) shi ne mai rauni.

Za a tsayar da samfurin tsakanin farantan ƙarfe biyu, injin ya riƙa danna shi sannu a hankali har ya fashe cikin minti biyar zuwa goma. Sanin nauyin da ya fasa shi ba wuya, injin ne ke nunawa. Abin da injiniya mai gina dam ko ramin jirgin ƙasa ya fi buƙata shi ne sanin yadda dutsen ke tsukewa tun kafin ya fashe, domin gini yakan tsage saboda nutsewar harsashi alhali dutsen da ke ƙarƙashinsa bai karye ba. Wannan tauri ana bayyana shi da ma'aunin Young, wato matsi a raba shi da gwargwadon tsukewa, kuma galibi ana karanta shi a daidai rabin ƙarfin dutsen.

To, a ina ake auna tsukewar? A nan ne aikin yakan lalace. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora ma'aunin motsi na LVDT tsakanin farantan biyu, sai dai abin da zai karanta ba tsukewar dutse kaɗai ba ce. Ku dubi bakin samfurin da kyau: duk gogewar da aka yi masa, akwai ƙananan tsakuwoyi da suka ɗago, kuma su ne za su fara murƙushewa da zarar farantin ya sauka. Shi kansa ƙarfen injin yana ɗan bayarwa. Mu ɗauka, a misali, taurin dutsen gigafaskal 5 ne, wato megafaskal 5,000, an kuma danna shi da megafaskal 5. Zai gajarta da milimita 0.135 kacal. Idan murƙushewar baki ta ƙara milimita 0.05, wato abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, lissafi zai ba da kusan gigafaskal 3.6, an zaftare wa dutsen fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na taurinsa.

Shi ya sa ya fi dacewa a auna a tsakiyar jikin samfurin, nesa da bakunansa. A dutse mai ƙarfi irin giranit ana liƙa siririn ma'aunin lantarki da gam, ya yi aiki lafiya. Dutse mai rauni kuwa ba ya karɓar gam cikin sauƙi, saboda jikinsa da damshi, yana kuma marmashewa. Idan gam ɗin ya shige ƙofofinsa ya daskare, sai wurin ya fi sauran jikin tauri, ma'aunin ya karanta ƙarya. Busar da samfurin ba mafita ba ce, domin dutsen laka da ya bushe ya tashi daga yadda yake a ƙasa, kuma dalilin da ya sa ake naɗe shi da leda ko kakin zuma tun daga bakin rami ke nan. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a ɗaura zobba biyu a jikinsa a hankali, a sa ma'aunan LVDT tsakaninsu ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, sannan a ɗauki matsakaicin abin da suka karanta, domin samfur yakan karkata gefe guda yayin da ake danna shi.