Sharhi: An sallame shi daga asibiti, to wa ke bibiyarsa?

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka. Yau maganarmu a kan masu lalurar ƙwaƙwalwa ce, mutum ya yi jinya ya samu sauƙi an sallame shi, an miƙa masa kati an ce ka dawo nan da sati biyu, katin ya shige aljihu a wanke shi tare da riga, ba za a sake ganinsa ba sai ciwon ya tashi an kawo shi a rikice.

Sai ka ji ana cewa taurin kai ne. Wallahi ba haka ba ne, ciwon ne da kansa ke riƙe shi. Mai ciwon damuwa tashi daga gado ma aiki ne a wurinsa, wani ciwon ya hana shi yarda cewa ba shi da lafiya, ga magani yana sa barci da kasala, wani hannu ya yi ta rawa, wani jiki ya sandare ko ƙiba ta taso, sai ya ajiye maganin a ɓoye kuma ya ji nauyin haɗa ido da likita, ga tsoron kar a gan shi a layi a ce mahaukaci ne.

Kuma fa makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari, lokacin ne aka fi samun masu kashe kansu, shi ya sa a Ingila ƙa'idar ita ce a tuntuɓi majinyaci cikin awa 72. A Amurka tun shekarun 1970 likita Jerome Motto ya riƙa tura gajerun wasiƙu na tambayar lafiya ga waɗanda suka ƙi komawa, kuma aka samu ƙarancin kashe kai a cikinsu a shekaru biyun farko.

Don haka ni ina ganin nauyin nan bai kamata a jibga wa majinyaci shi kaɗai ba. Tun kafin ya fita a tsayar da rana da lokaci, a haɗa shi da wanda zai duba shi su gaisa, a karɓi lambar ɗan'uwan da ya amince da shi, ana gobe a tura saƙo. In bai zo ba a kira shi a ranar, a tambaye shi lafiya dai? Kar a tarbe shi da faɗa. Mai yawan manta ƙwaya akwai allurar wata-wata ga wasu cututtukan, a tambayi likita.

Ku kuma 'yan'uwa don Allah ku raka shi, ku zauna da shi a layin, in maganin na wahalar da shi ku faɗa wa likita, ana iya ragewa ko a canza masa wani.