Wanzami, Ƙwallo da Masanan Shari'ar Rum

Wanzami ya kafa kujerarsa a bakin fili, yana yi wa wani bawa aski. Matasa suna wasan ƙwallo a gefe. Sai ƙwallo ta taho da ƙarfi ta bugi hannun wanzami, aska ta yanke maƙogwaron bawan. To, wa zai biya diyya? Mai ƙwallo ko mai aska?

Kusan shekara dubu biyu ke nan da masanan shari'a na birnin Rum suka yi ta ja-in-ja a kan wannan mas'ala. Proculus ya ce laifin wanzami ne. Ulpian ya yarda, muddin wurin an saba wasa a cikinsa ko jama'a na yawan wucewa. Amma ya ƙara da cewa wanda ya miƙa wuyansa ga aska a irin wannan wuri, shi ma ya kuka da kansa.

Ku lura, aikin waɗannan mutane ya fi kama da na mufti fiye da na alƙali. Mai ƙara ko mai yanke hukunci ya kawo tambaya, masani ya ba shi amsa, almajirai na zaune suna saurare. Tushen dokar dai gajere ne: Alluna Goma Sha Biyu da aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mafi yawan ginin da ya hau kansu, amsoshin masana ne, mas'ala bayan mas'ala. Abin da ya fi burge ni ke nan.

Kusantar fada kuwa ta ci wasunsu. Sarki Caracalla ya sa an kashe Papinian a shekara ta 212 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), Ulpian kuma dogaran sarki ne suka hallaka shi.

Sai dai maganarsu ba ta bi su kabari ba. A 426 aka kafa doka cewa kotu ta dogara da masana biyar: Papinian, Paulus, Gaius, Ulpian da Modestinus. Masu rinjaye ake bi, idan kuma ra'ayi ya rabu daidai, a bi ɓangaren Papinian.

A 533 Sarki Justinian ya sa aka tace rubuce-rubucensu cikin kundi mai littattafai 50, inda mas'alar wanzaminmu take a littafi na 9. Daga wannan rijiya dokar Faransa ta 1804 ta sha ruwa, Turawan mulkin mallaka kuma suka kawo ta har kotunan Yamai da Damagaram.